Bankunan Ƙetare, Iyakokinmu da Filin Ƙwallon Arlit

Jawabin da aka gabatar a gaban ƴan kasuwa da ma'aikatan gwamnati a Gugaram, cikin jahar Agadas

Shugabannin wannan gari, sarakunan gargajiya, iyayenmu malamai, ƴan kasuwa da ma'aikata da kuka taso daga Arlit da Akokan da Iferwan, ina yi maku sannu da hanya, domin duk wanda ya biyo hanyar nan ya cancanci sannu ta musamman.

Waɗanda suka shirya wannan zama sun nemi in yi magana a kan manyan bankuna: yadda suke bazuwa daga ƙasa zuwa ƙasa, da abin da suke kira haɗin gwiwa tsakanin ƙasashe, da kuma kuɗin da suke zubawa cikin wasanni. Wani zai ce ina ruwan Gugaram da wannan zance, alhali kuwa malamin lakkol na garin nan sai ya tafi Arlit kafin ya ga ƙofar banki? To, wannan ne ma ya sa zancen ya shafe mu. Albashin malamin ta banki yake biyowa, ɗan kasuwar da zai yi odar kaya daga Lome ta banki zai biya, kuma duk shawarar da aka yanke a Kazablanka ko Dakar, a layin da ke bakin banki a Arlit ake ganin sakamakonta.

Bari in fara da tarihin da yawancinku suka fi ni sani, domin a gabanku aka yi shi, ni kuwa a takarda na karanta. A shekarar 1961 aka kafa BDRN, bankin raya ƙasa na gwamnatin Nijar. Lokacin da kuɗin yuraniyom ya cika baitulmali a ƙarshen shekarun 1970, bankin ya saki hannu, ya yi ta bai wa manya bashi, wani da jingina, wani da sunansa kawai da na wanda ya tsaya masa. Da farashin ƙarfen ya faɗi a shekarun 1980, waɗanda suka ci suka share baki. Aka rufe bankin a 1990, aka gina SONIBANK a kan kufansa tare da bankin STB na Tunisiya. Na fara da wannan ne domin kada wani ya zaci na zo nan in zagi baƙo in wanke ɗan gida. BDRN namu ne, kuma hannuwanmu ne suka kashe shi.

Labarin BIAO ya fi wannan tsawo, ya kuma fi shi koyarwa. Asalinsa yana komawa har ga Bankin Senegal na 1853, wanda Faransa ta kafa da wani kaso na diyyar da ta biya masu bayi bayan ta hana bauta. Da Faransawa suka gaji da asarar da yake yi, sai a 1991 rassansa suka koma hannun rukunin Meridien na wani attajirin Zambiya mai suna Andrew Sardanis. A wancan lokacin an yi murna sosai: ga banki na Afirka, a hannun mutumin Afirka, mai rassa a ƙasashe kusan 20. Abin da masu ajiya ba su sani ba shi ne, kuɗin da rassan ke tarawa ana kwashe wani kaso nasa zuwa uwar bankin da aka yi wa rajista a tsibiran Bahamas. A 1995 uwar ta faɗi, ta ja ƴaƴanta ƙasa. Reshen Nijar ya tsira da sabon suna, BIA, da sabon maigida, wato Belgolaise na ƙasar Beljiyam. Su ma Beljiyawa suka tattara nasu ya nasu, hannun jarin ya yi ta sauya hannu, har 2017 lokacin da Banque Centrale Populaire na Maroko ya sayi kusan kashi 70 cikin 100. Ku duba fa: ƙofa guda ce, amma ma'aikacin da ya buɗe asusunsa a ƙarshen shekarun 1980 ya ga Bafaranshe, ya ga Bazambiye, ya ga Babeljiye, ya ga Bamaroke, ba tare da an taɓa tambayarsa ra'ayinsa ba.

Sauran labarin kun san shi. Bayan karyar darajar sefa ta watan Janairun 1994, Bank of Africa, wanda aka haifa a Bamako a 1982, ya shigo Nijar a wannan shekara. Ecobank, wanda ƙungiyoyin ƴan kasuwar Afirka ta Yamma suka kafa a Lome a 1985 da gudummawar asusun CEDEAO, ya buɗe a Yamai a 1999. A shekarar ce kuma aka fara aiki da dokar da ta ce bankin da ya samu izini a ƙasa ɗaya ta UEMOA yana iya buɗe reshe a sauran ba tare da ya sake fara neman izini daga tushe ba. Daga 2008 Marokawa suka fara saye: BMCE ya shiga Bank of Africa har ya mallaki rinjaye a 2010, Banque Populaire ya karɓi Banque Atlantique a 2012. Daga Burkina kuma Coris ya taso.

Me ke kawo banki wata ƙasa? Lissafi ne, jama'a, kuma ba laifi ba ne a faɗe shi a fili. A gida kasuwa ta cika, riba ta ragu. A nan kuwa kuɗin ruwa yana da tsada, gwamnatoci suna neman bashi ta hanyar takardun da suke sayarwa a kasuwar UEMOA, ga manyan kamfanoni masu asusu mai nauyi, ga ma'aikata masu albashin da ba ya ƙetare wata. Wannan na ƙarshen shi ne ya kawo banki Arlit. An kafa SOMAÏR a 1968, ya fara haƙa a 1971. An kafa COMINAK a 1974, ya fara a 1978. Inda aka tara dubban masu albashi a tsakiyar hamada, banki zai bi su ko da a kan raƙumi ne. Makiyayin da ke da garke a kwarin Abzin, wanda dukiyarsa ta ninka ta ma'aikacin sau da yawa, shi ba ya cikin wannan lissafi, domin garke ba ya shiga asusu ranar 25 ga wata, kuma ba a san yadda za a riƙe shi jingina ba.

Yanzu mu zo ga haɗin gwiwar tsakanin ƙasashe, wanda shi ne zuciyar maganata. Ba zan musa ba, akwai abin da aka samu. Ɗan kasuwar da ke da kaya a tashar jiragen ruwa ta Lome yana iya biya daga Agadas ba tare da ya ɗaure kuɗi a ƙugunsa ba. Kuɗin ɗaya ne, babban banki ɗaya ne, wato BCEAO da ke Dakar, hukumar da ke sa wa bankuna ido ita ma ɗaya ce, tana Abijan tun 1990. Wanda ya san yadda fataucin da yake ba zai raina wannan ba.

Amma ku ɗauki taswira ku duba. Wannan haɗin gwiwa yana tafiya ne daga Yamai zuwa teku. Mu kuwa iyakokin da muke ci da su guda biyu ne: Asamaka a arewa, da iyakar Najeriya a kudu, ta Ƙwanni da Maraɗi da Magarya. Daga Arlit zuwa Asamaka kimanin kilomita 200 ne, zuwa Yamai kuwa kimanin 1,200. Taliya da madara da dabino da man da ke kasuwanninmu, daga ina suke fitowa? Kowa a nan ya sani. Amma dinarin Aljeriya ba kuɗi ba ne da ake canzawa a sake a wajen ƙasarsu, shi ya sa dokarsu ta tanadi cinikin musaya tsakanin jahohinsu na kudu da Nijar da Mali: ka kawo dabbobi, ka koma da dabino, bisa jerin kayan da aka yarda da su. Abin da ya wuce wannan jeri, ta hannun masu canji yake bi, da amana, da kuɗi a cikin buhu. A watan Satumban 2023 bankunan gwamnatin Aljeriya suka haɗa kai suka buɗe banki a Nuwakcot da wani a Dakar. Madalla da su. Amma tsakanin Tamanrasat da Arlit ya fi kusa nesa ba kusa ba, kuma cinikin da ke tsakanin garuruwan biyu ya girmi bankunan duka.

Ta kudu ma labarin bai canza ba. UBA na Najeriya ya kafa rassa a ƙasashen Afirka 20, har da Cadi da Benin da Burkina da Mali, ya tsallake Nijar, ƙasar da ke da iyakar kusan kilomita 1,500 da Najeriya, da harshe ɗaya da dangi ɗaya. Ko bankin da ke da ƙafa a ɓangarorin biyu, dole ya yi aiki da farashin canji na hukuma da takardun da babban bankin kowace ƙasa ke nema, shi kuwa Alhajin da zai sayo atamfa a Kantin Kwari yana da waya da amini a Wapa, cikin minti goma an gama. Kuma ya ga jiya: ya ga canjin naira na 1984 da rufe iyaka da ya biyo shi, ya ga rufewar watan Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, ya ga sauyin takardun naira da ya jefa mutane cikin ƙunci a farkon 2023. Mutumin da ya ga wannan duka, ba za a sauya masa hanya da allon talla ba.

Haka nan zinariya. Tun 2014 da aka same ta a Jado da Cibarkaten, dubban matasa suka kwarara arewa, kuma kuɗin da suke aika wa iyayensu a Damagaram da Tawa da Maraɗi, kamfanonin aika kuɗi na gida irin su Nita da Al Izza da Amana ne suka ɗauki mafi yawan wahalarsa. Su ne suka je inda manyan ba su je ba. Wannan abin kunya ne ga masu dogayen gidaje a Yamai, kuma ya kamata a riƙa faɗa masu.

Sai kuma jarrabawar 2023. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ƙasashen CEDEAO da UEMOA suka sa wa Nijar takunkumi ranar 30 ga wata. Aka riƙe kuɗin gwamnati da ke babban banki, aka tsaida mu'amala, BCEAO ya rufe rassansa na ƙasar nan. Ba na son in shiga muhawarar wa ke da gaskiya a siyasance, kowa yana da nasa ra'ayi kuma wannan zama ba na wannan ba ne. Abin da ya shafi zancenmu shi ne, mutum yana da kuɗinsa na halal a asusu, ya kwana a layi, aka ce masa ga iyakar abin da zai iya cira. Bankin da ke alfahari da rassa a ƙasashe goma ko talatin bai iya kawo takardar jika goma daga reshen Kwatano zuwa na Arlit ba, domin kowane reshe kamfani ne mai zaman kansa a ƙarƙashin dokar ƙasar da yake, kuma duk a ƙofar babban banki ɗaya suke karɓar takardun kuɗi. Igiyar da ta haɗa mu da teku, ita ce aka ja ta shaƙe mu. An ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairun 2024, Nijar ta fice daga CEDEAO a Janairun 2025, amma wanda ya tsaya a wancan layin ya koyi abin da ba a koyarwa a jami'a.

To, ina wasanni suka shigo? Sun shigo ne domin a filin wasa bankuna suke gaya mana cewa su namu ne. Al'adar tsohuwa ce. Bankin da a yau ake kira First Bank yana ɗaukar nauyin wani kofin wasan folo a Kaduna tun 1919, lokacin da masu wasan da ƴan kallon duk Turawan mulki ne da ƴaƴan sarauta, wato ainihin mutanen da ke da asusu a wurinsa. BNP yana tare da gasar tanis ta Roland-Garros tun 1973, Crédit Lyonnais ya ɗaura sunansa a rigar nan mai ruwan ɗorawa ta tseren keken Faransa tun 1987. A nahiyarmu, Access Bank ya ɗauki tseren gudun Legas tun 2016, Ecobank kuma yana cikin masu ɗaukar nauyin gasar cin kofin Afirka da aka yi a Kodibuwa a farkon 2024.

Ga misalai biyu da nake so ku riƙe. A watan Afrilun 2022 bankin Standard Chartered na Ingila ya ba da sanarwar zai fice gaba ɗaya daga Angola da Kamaru da Gambiya da Saliyo da Zimbabuwe. Bayan wata uku, a shekarar dai, ya sabunta yarjejeniyarsa da ƙungiyar Liverpool, wadda sunansa ke kan rigarta tun 2010. Yaron da ke sanye da jar rigar nan a Banjul yana ci gaba da yi wa bankin talla a ƙirjinsa, bankin kuwa ya sayar da reshen garinsu. Société Générale shi ma, a watan Yunin 2023 ya sanar da sayar da rassansa na Cadi da Kwango da Muritaniya da Ikwatoriyal Gini, a shekarar da sunansa ya cika filayen gasar duniya ta wasan rugubi da aka yi a Faransa. Babu wanda ya karya doka a nan. Kawai dai ofishin da ke sayen allo daban yake da ofishin da ke yanke shawarar zama ko tafiya, kuma na biyun ba ya kallon ƙwallo.

Kuɗin allon nan kuma daga ina yake fitowa? Daga kasafin talla, shi kuwa kasafin talla daga ribar banki, ribar kuma daga kuɗin ruwan da ke kan bashin da malamin asibiti ya ci don ya yi rufin ɗakinsa, da ɗan abin da ake cire wa kowane asusu ƙarshen wata. Ashe ke nan mai ɗaukar nauyin wasan na gaskiya yana zaune a cikin rana tare da ƴan kallo, wanda ke cikin rumfa da babbar riga ɗan aike ne.

Kada ku fahimce ni a karkace. Ina son a zuba kuɗi a wasanni, kuma babu inda ake bukatarsu kamar nan. A ƙasarmu ƙungiyar ƙwallon da ke da rai ita ce wadda ke da uba: ta soja, ta duwan, ta ƴan sanda, ta SONIDEP, ta NIGELEC. Ƙungiyoyin Arlit biyu, Urana da Akokana, a inuwar kamfanonin ma'adinai suka taso har suka kai rukunin farko na ƙasa. Ku lissafa abin da ake kashewa kafin a kai yara ashirin da masu horas da su Yamai su buga wasa ɗaya su dawo: mota, mai, masauki, abinci, da kwanakin da hanyar Tawa ke ci, hanyar da aka gina don yuraniyom kuma ta shafe shekaru tana karya motoci. Ranar 31 ga Maris 2021 COMINAK ya rufe, ma'aikata kimanin 600 suka rasa aiki, ban da na ƴan kwangila. A Yunin 2025 gwamnati ta mayar da SOMAÏR mallakar ƙasa, bayan dogon lokacin da kaya ba sa fita. Ƙungiyar da ta dogara ga uba ɗaya, duk ranar da uban ya yi tari, ita ce ke kwana da zazzaɓi. Su kuwa bankunan da suka shekara arba'in suna riƙe da albashin iyayen yaran nan, wannan ne lokacin da ya kamata a ga fuskarsu.

Kokowa ita ce ke jan kowa, shi ya sa alluna suka fi yawa a can. Tun 1975 da aka fara gasar takobi a Tawa, inda Kantu na Maraɗi ya ɗauka, babu wani taro da ke tsaida ƙasar nan cak kamar ta. A Disamban 2023 Agadas ta karɓi baƙuncin gasar, Issaka Issaka na Doso ya ɗauki takobinsa na shida, a daidai lokacin da takunkumi ke kanmu. Jama'a suka cika fili, da yawansu kuwa da safen nan daga layin banki suka fito. Kwana goma na gasa ana ganin kowa a talabijin. Sauran kwanakin shekara, ɗan kokowar da ya karye a ƙauye, da filin da ba shi da katanga, da tseren raƙuma na Ingal da Iferwan da matasanmu ke shiryawa da aljihunsu, wa ke tambayarsu? Hausawa sun ce in mutum ya ce zai ba ka riga, dubi ta wuyansa.

Akwai haƙƙoƙin da doka ta riga ta ba ku, waɗanda da yawa ba su sani ba. Tun 1 ga Oktoban 2014 BCEAO ya wajabta wa bankuna yin wasu ayyuka kyauta, cikinsu har da buɗe asusu, da karɓar albashi ta asusun, da rufe shi in ka ga dama. Ma'ana, sauya banki ba abin tsoro ba ne ga wanda ba shi da bashi a kansa. A 2014 ɗin dai aka tsaida iyakar kuɗin ruwan da banki zai iya ɗora wa bashi a kashi 15 cikin 100 a shekara, tare da duk ƴan caje-cajen da ke maƙale da shi, don haka ku riƙa neman a rubuta maku jimillar, kada ku tsaya ga adadin da ke jikin allo. An kuma kafa asusun lamunin ajiya na ƙasashen sefa, wanda aka tsara zai biya mai ajiya har sefa miliyan 1 da jika 400 in banki ya faɗi. Ga ƙaramin ma'aikaci wannan kariya ce. Ga ɗan kasuwar da ke juya miliyan 50, gargaɗi ne cewa kada ya tara komai a ƙofa ɗaya, kuma ya san wanda ya mallaki ƙofar a bana.

Ma'aikaci ɗaya ba shi da murya a gaban manaja, amma albashin malamai da likitoci da ma'aikatan ma'adinai na Arlit in aka haɗa shi, shi ne dalilin da ya sa rassan ke buɗe. Shawarata ita ce ƙungiyoyin ƙwadago da wakilan ƴan kasuwa na jahar nan su zauna da bankunan a tebur guda, su ce asusunmu zai tafi ga wanda ya amsa mana abin da muke nema. A turo mota mai biyan albashi zuwa Gugaram da Iferwan kowane ƙarshen wata, domin malami ya daina rufe aji kwana uku saboda tafiyar Arlit. A bayyana mana kowace shekara nawa aka tara na ajiya a jahar Agadas, nawa kuma aka mayar a matsayin bashi ga mutanen jahar. Wanda kuma ke son sunansa a rigar Urana ko Akokana ko a bakin filin kokowa, ya sa hannu a yarjejeniya ta aƙalla shekara uku, da ƙungiyar za a ƙulla ta ba da shugabanta ba, a rubuta kuɗin mota da na magani da alawus ɗin yara a ciki, a kuma rubuta cewa in an sayar da bankin, sabon maigida ya gaji alkawarin. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne wanda manajan reshe zai ce sai ya tambayi Yamai, Yamai kuma ta ce sai ta tambayi Kazablanka ko Lome. Ku bar su su tambaya, ku ba su wa'adi zuwa buɗe kakar wasa mai zuwa.